Motar da ake kwana a cikinta: me za mu kira camping-car da Hausa?

Malamin Faransanci, Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Yau da ƙoƙon bara na zo. Ina juya wani labari daga Faransanci zuwa Hausa saboda shirinmu na rediyo na daren Lahadi, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi: camping-car. Masu Ingilishi suna ce mata motorhome.

Labarin dattawan Amurka ne. Mutum ya ajiye aiki, 'ya'ya sun watse, sai shi da matarsa su ɗauki wannan mota su nufi gandun daji, su yi watanni suna aikin da ba albashi. Hukumar gandayen dajin ƙasar tana karɓar irin waɗannan mutane tun 1970. Gandun da aka fi magana a kai shi ne Rocky Mountain a jihar Kolorado, wanda aka kafa a 1915. Bisa duwatsu yake. Titin da ya ratsa shi ya haura mita 3,700, wato tsakaninsa da ƙolin dutsen Kamaru na Buya bai kai mita 400 ba. A Satumba da Oktoba wata dabba dangin barewa, mai girman gwanki ko fiye, mai ƙaho kamar rassan busasshen itace, takan taru a fadamu don barbara. Mazan na kuka suna karo, mutane su cika bakin titi da kyamarori. Dattawan nan su ne ke tsayawa da yamma suna hana jama'a matsawa kusa, suna amsa tambayoyi. Wasu kuma sansanin baƙi suke kula da shi. Ladansu wurin ajiye mota, wani lokaci da famfo da wuta.

Ita motar, gabanta sitiyari ne da kujerar direba kamar kowace mota. Daga bayan kujera zuwa ƙarshe akwai gado, da murhun gas, da firiji, da tebur, da wurin wanka da ban-ɗaki. Na rubuta "motar gida" na goge, don motar gida a wurinmu ita ce wadda ba ta haya ba. Na rubuta "motar kwana", abokin aikina ya tambaye ni ko ta 'yan kwana-kwana nake nufi, ina gobarar take. To ku taimaka.

Bakanike, bakin kasuwa:
Allah ya gafarta Malam, kana wahalar da kanka. Ka ce kampinkar a wuce wurin. Mota Hausa ce? Birki fa? Kuloci, sitiyari, tirela, duk aro ne, kuma ba wanda ya taɓa zuwa gareji ya ce bai gane ba.

Malamin Faransanci, Garwa:
Maigida, maganarka tana kan hanya, amma akwai bambanci. Birki ya shigo Hausa tare da ƙafar da ke taka shi. Kowa ya ga abin, sannan sunan ya zauna. Wannan kuwa yawancin masu saurarona ba su taɓa ganinta ba, to in na ce kampinkar me na ba su? Sauti kawai. Kuma muryar rediyo ba ta tsayawa a shingen jandarma. Mutumin Yola da na Mubi za su ji kampinkar su yi shiru, mu kuma mu ji motahom mu yi shiru. Abin dariyar ma, camping-car ɗin ba Ingilishin Ingila ba ne, Faransawa ne suka harhaɗa shi da kalmomin aro, har masu tsaron harshensu suka ce a riƙa cewa autocaravane. Ba na son in aro rigar da mai ita ma aro ya yi.

Ɗan Njamena:
Na goyi bayan Malam. Mu nan mota ɗaya suna uku gare ta: Bahaushe ya ce mota, mai Larabcin Chadi ya ce watir, ɗan boko ya ce vwatir. In aka bar kowa ya aro daga inda ya fi kusa da shi, nan da shekara goma ba za mu fahimci juna ba. Ni shawarata "takarkarin Nasara". Duk wanda ya ga Larabawan Shuwa ko Bararo suna tashi ya san takarkari: tabarmi, sanduna, ƙore, yara, duk a bayan sa guda.

Tsohon direba, Ngaundere:
Ku yara kuna neman abin da ke cikin aljihunku. Ɗana ne yake rubuta mini wannan, ni idona ya gaji da ƙananan baƙaƙe.

Na yi shekara talatin ina ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Njamena, ta Garwa, ta Marwa, ta Mora, ta Waza, har Kuseri. A zamanin nan Turawa sukan keto Sahara da motocinsu, su biyo ta Agadas da Zindar da Kano da Maiduguri, su shigo mana ta Mora. Wasu Land Rover, wasu ƙaramar bas ta Volkswagen wadda rufinta ke ɗagawa sama kamar an buɗe akwati. Su kalli raƙuman dawa a gandun dajin Waza, su hau Rumsiki su ɗauki hoton duwatsu. Da magariba mu muna shimfiɗa tabarma ƙarƙashin gingimari, karen mota yana fama da risho, su kuwa sai su ja labule su kunna fitila. Wata rana wani ya kira ni na leƙa. Wallahi har da wurin rataye riga.

Ba mu taɓa rasa sunanta ba. Tafi-da-gidanka muke cewa. Ba mu muka ƙago ba, a bakin direbobin Kano muka ji. Wannan suna ya girmi wayar da kuke latsawa.

Takarkari kuma, ɗana na Njamena, ka yi kusa amma ba ka faɗa ba. Takarkari gidan da aka kwance yake ɗauka. Sai an sauka an kafa sanduna an lulluɓa kafin a kwanta. Wannan kuwa a kafe take tafiya. Ka taka birki, ka ja na hannu, ka juya baya, ka shiga ɗaki.

Hajiya, Marwa:
Sannu Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Amma ina da ja biyu. Na farko, ni da na ji tafi-da-gidanka waya ce ke zuwa mini, sai kuma kotun nan da muke ji a labaran Najeriya, wadda ke zuwa bakin titi ta yanke wa mutum tara nan take. Na biyu, wannan abu gida ne? Ina zaure? Ina tsakar gida? In baƙo ya yi sallama a ina zai tsaya, matar gida ta samu ta yafa mayafi? Wurin da bayan gida yake cikin gida, taku biyu daga tukunyar miya! Ni dai ɗaki zan kira shi, kuma ɗakin gwauro. A ce tafi-da-ɗakinka.

Malamin Faransanci, Garwa:
Hajiya kin sa ni dariya har shayi ya zube. Kawu kuwa, ranka ya daɗe, ka buɗe mini ido.

Bari in ɗauki maganar waya, don a nan nake ganin gaskiyar take. Ku tsaya ku saurari kalmar da kyau. Wace waya ce gida? Wace kotu ce gida? Babu. An kira su da sunan ne don kwatance: abu ne da aka saba gani a kafe wuri ɗaya, sai ga shi yana yawo. Kuma kwatance ba ya yiwuwa sai da abin da ake kwatantawa da shi. Ashe waya 'yar haya ce a cikin kalmar, mai gidan shi ne wannan mota. Yanzu kuma 'yar hayar ta kwashe kayanta. Wa ke cewa "ba ni lambar wayarka ta tafi-da-gidanka" a yau? Waya kawai muke cewa, ko salula, tunda ta girke ta zama tarihi. Ɗaki ya zama kango, ga mai shi ya dawo daga tafiya. Ba ƙirƙira za mu yi ba, mayar da amana ne.

Batun gida da ɗaki, a ma'aunin gini kin fi ni gaskiya. Sai dai Bahaushe ba ya auna gida da katanga kaɗai. Tsuntsu ma gida gare shi, tururuwa ma haka, har agogo da wuƙa ana yi musu gida. Inda abu ke komawa ya kwanta, nan ne gidansa. Dattawan da nake ba da labarinsu wasunsu sun sayar da na ƙasa gaba ɗaya, ba su da wani wurin komawa. An ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, su sai suka ƙi yarda, suka sa masa taya. Tafi-da-ɗakinka kuma ki gwada faɗarsa sau uku da sauri, harshe na tuntuɓe tsakanin da da ɗa.

Ɗalibi a makarantar namun daji, Garwa:
Malam, ina neman izini in sa baki ta ɓangarenmu. Makarantarmu tun 1970 take horar da ma'aikatan gandun daji daga ƙasashen Afirka masu Faransanci, kuma mu ma kullum muna fama da fassara in mun fita ƙauyuka.

Abu na farko, a raba biyu. Akwai wadda injinta ke jikinta, ita ce ake magana. Akwai kuma caravane, ɗaki ne a kan taya, ba inji, sai wata mota ta ja shi. A aikin daji bambancin babba ne. Mai ta ja yakan kwance ɗakin ya bar shi a sansani, ya shiga daji da ƙaramar mota. Mai ɗayar kuwa ko gishiri zai saya sai ya tattara kwanoni ya tafi da gidan duka.

Na biyu, ka yi hattara da "'yan sa-kai". A Mora ko Kolofata ka ce 'yan sa-kai, abin da za a gani shi ne samarin da ke gadin gari da dare da kwari da baka da bindigar toka. In ka ce tsohuwa 'yar shekara saba'in 'yar sa-kai ce a daji, za a zaci farautar 'yan ta'adda ta fita. Gara ka ce "masu aikin sa-kai na kula da namun daji", ko da ya yi tsawo.

Na uku, kada mai sauraro ya ɗauka aikinsu irin namu ne. Su dabba suke karewa daga mai kyamara. A Yellowstone, wani gandun daji na Amurka, doka ta ce a bar mita 23 tsakanin mutum da ɓaunar Amurka, mita 91 tsakaninsa da beyar ko kyarkeci, kuma duk da haka ana samun wanda ɓauna ta ɗaga sama don ya je ɗaukar hoto. Mu daga mai bindiga muke kare ta. A farkon 2012 mahaya dawaki ɗauke da manyan bindigogi suka shiga gandun Buba Njida na nan Kamaru suka kashe ɗaruruwan giwaye. A gandun Zakuma na Chadi giwaye sun haura 4,000 a 2002, zuwa 2010 saura wajen 450, shekarar da ƙungiyar kula da gandayen daji ta African Parks ta karɓi ragamar gandun. Ba wurin da za a ajiye dattijo da matarsa su kaɗai a mota ba ne. Ga damina: Waza da Zakuma ruwa ke shanye su, mota mai nauyin gida in ta nutse a laka sai kaka. Inda muka yi kama ɗaya ne kawai. Su suna kulle abinci saboda beyar, mu a sansanin Buffle Noir na gandun Binuwai muna kulle shi saboda gwaggon biri.

Tsohon direba, Ngaundere:
Yaron nan ya faɗi gaskiya. Tun da aka sace Faransawan nan bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga a Fabrairun 2013, bayan sun fito daga Waza, ƙafar baƙi ta ɗauke daga hanyar. Shi ya sa ku ba ku san motar ba. Abin ne ya ɓace muku, ba sunan ba.

Bakanike, bakin kasuwa:
To na sauka, tunda Kawu ya yi magana. Amma a gareji ba mai lokacin faɗin kalma mai tsawon tirela. Kuma in mace ce ke tuƙi, sai a ce tafi-da-gidanki? Ta ja ɗin kuma ni tirelar kwana zan ce mata.

Hajiya, don hankalinki ya kwanta: tanki uku ne a ƙarƙashi. Ɗaya na ruwa mai kyau, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, ɗaya na ban-ɗaki a rufe ruf. In ya cika akwai ramin da aka tanada a sansani, a jona tiyo a juye.

Hajiya, Marwa:
Wato mutum yana tafe yana ɗauke da masai. Allah ya kyauta. Ban fasa cewa ɗaki ne ba, amma na yarda kunne ya riga ya saba da na Kawu. Gidanki kuwa babu ita. Hular hana-salla ko a kan wa take sunanta ke nan, faɗi-ka-mutu ma ko mace ce ta saki kwanon ba a cewa faɗi-ki-mutu.

Malamin Faransanci, Garwa:
Madalla. Tsawo bai dame ni ba, Maigida. A-kori-kura ma gaɓa biyar ce, kuma kai da kanka kake gyara ta kullum ba ka taɓa ƙorafi ba. Ga yadda zan sa: motar tafi-da-gidanka, jam'i motocin tafi-da-gidanka. In an ambata sau ɗaya, daga nan "motar" ta isa. Ta ja kuwa tirelar tafi-da-gidanka, don "kwana" zai sake kai mu wurin masu kashe gobara. Jimlar farko ta zama haka:

"A kowace kaka, idan sanyi ya fara sauka kan duwatsun Kolorado, wasu dattawa sukan iso gandun dajin a motocinsu na tafi-da-gidanka, su yi makonni suna aikin sa-kai na kula da namun daji."

Saura dabbar nan mai ƙahon rassa. Na rubuta "barewar dutse", amma ɗalibinmu ya aiko mini a gefe cewa namijinta ya haura kilo 300, barewa kuwa yaro ma ya saɓa ta a kafaɗa.

Tsohon direba, Ngaundere:
Wannan ban taɓa ganinta a hanyar Kuseri ba. Ku turo hoton, ɗana ya nuna mini bayan la'asar.