Sauya kamfanin ISA bayan mutum ya dawo Kumasi, yaya ake yi?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayar ta yayana ce. Ya yi shekaru yana aiki a Ingila, yanzu ya dawo gida Kumasi da zama. Yana da asusun ISA na hannun jari, wato asusun ajiya na Birtaniya da ba a biyan haraji kan ribarsa a can, wajen fam 40,000, kuma kamfanin da ke riƙe da shi yana cire kashi 0.45 cikin ɗari duk shekara. Yana son ya koma mai rahusa. Ya cire kuɗin ne ya zuba a sabon, ko da wata hanya? Kuma wane kamfani ya fi?

Malam na Asawase:
Wa alaikumus salam. Ka gaya wa Yaya kada ya cire ko fam ɗaya da hannunsa. Ranar da kuɗin suka faɗa asusun bankinsa, sun fita daga inuwar ISA, rangwamen haraji ya tafi. Mazaunin Ingila ma fam 20,000 kawai aka yarda ya zuba a shekarar haraji, daga 6 ga Afrilu zuwa 5 ga Afrilu mai zuwa. Shi kuwa da ya bar ƙasar, da zarar shekarar harajin da ya tashi a cikinta ta ƙare, ba shi da damar zuba sabon kuɗi sam. In ya cire, ƙofa ta rufe ke nan.

Dokar Birtaniya ta yarda ya ci gaba da riƙe asusun, ta kuma yarda ya sauya kamfani ko yana waje. Sabon kamfanin ake zuwa, a cike takardarsu ta neman a maido ISA, su za su karɓo daga tsohon. Maido ISA na tsabar kuɗi zuwa irinsa bai kamata ya wuce kwanakin aiki 15 ba, na hannun jari kwana 30.

Amma ga inda gizo ke saƙa: doka ta yarda, kamfanoni da yawa ba su yarda ba. Galibinsu ba sa buɗe wa mai adireshin Ghana sabon asusu. Ya rubuta musu tukuna ya ce yana zaune Kumasi, ya sami amsa a rubuce. Kada kuma wani ya zuga shi ya sa adireshin ɗan'uwa na Landan. Ƙarya ce a takardar haraji, in sun gano suna iya daskarar da asusun. Wajibi ne ma ya sanar da kamfaninsa na yanzu cewa ya tashi.

Hajiya ta Nima:
Malam ya gama magana kan hanya. Ni lissafin zan taɓa, ɗana. A kan fam 40,000, kashi 0.45 fam 180 ne a shekara. Mai karɓar 0.25 zai ci fam 100, mai 0.15 fam 60. Akwai kuma masu karɓar tsayayyen kuɗi duk wata, komai yawan jarinka. A ce fam 6 a wata, fam 72 ke nan a shekara, to a raba 72 da 0.0025, wato kashi 0.25 cikin ɗari, za a ga sai jari ya haura fam 28,800 tsayayyen zai fi mai 0.25 sauƙi. Haka ake gwada kowanne.

Kuɗin kamfani rabin labari ne. Shi kansa tarin hannun jarin da aka saya a cikin ISA ɗin yana da nasa caji. Mai bin ma'aunin kasuwa, wanda ba manaja ke zaɓen hannun jarinsa ba, yakan tsaya kusa da 0.2, wanda manaja ke zaɓen hannun jari da kansa yakan kai 0.75 ko fiye. Wannan tazarar a kan fam 40,000 ta kai fam 220, ta fi duk abin da sauya kamfani zai rage masa. Don haka in ba wanda ya karɓe shi saboda adireshi, ya tambayi kamfaninsa na yanzu ko sun bar mazaunin waje ya canja jari a cikin ISA ɗin. A duba kuma kuɗin saye da sayarwa, da kuɗin canji in yana sayen hannun jarin Amurka.

Abu Zainab, Maamobi:
Wurin cike takardar za a tambaye shi: a sayar a turo kuɗi, ko a maido jarin yadda yake. In an sayar, kwanakin da kuɗin ke hanya ba ya cikin kasuwa, in farashi ya tashi sai ya saya da tsada. Maido jarin yadda yake ya fi jinkiri, kuma sai sabon kamfanin yana sayar da irinsa. Kamfanin Vanguard misali nasu jarin kaɗai suke sayarwa, ga shi sai mazaunin Birtaniya suke buɗe wa asusu. Wanda ke riƙe da jarin halal irin HSBC Islamic Global Equity Index ya tabbatar yana cikin jerin sabon kamfanin, in ba haka ba sayar masa da shi za a yi.

Abin da ya fi maƙalar da aiki ƙanana ne: suna a fasfo Abubakar, a asusu Abubakari, ko lambar National Insurance, wato lambar inshora da haraji ta Birtaniya, ta sha bamban, ko layin wayar Ingila ya mutu lambar sirri ba ta shigowa. Ya gyara waɗannan kafin ya sa hannu, kada kuma ya rufe asusun bankinsa na can.

Haraji kuma, yafewar ISA ta Birtaniya ce kaɗai. Dokar harajin Ghana ta 2015, Act 896, tana bin mazaunin Ghana kan abin da ya samu ko'ina a duniya. Ya zauna da akanta wanda ya san aikin GRA, hukumar harajin Ghana, kafin ya sayar da komai.

Ɗan Aboabo:
Allah ya saka muku da alheri. Layin wayar nan kuwa tun bara ya mutu, daga nan za mu fara. Hajiya, da Yaya ya turo takardar cajin kamfanin zan sa ta nan ki duba mana.