Na soyayya ne, ko na tsoro? Ina neman sunan Hausa ga "psychological thriller"

Jama'a, ku taya ni nema. Wata ƙanwata ta gama rubuta littafi a kan gidan mata biyu, za ta fara sakin sa shafi-shafi a WhatsApp, sai ta tsaya cak a wajen faɗin irin labarin. Da Turanci ta san abin da ta rubuta, psychological thriller ne. Da Hausa fa? In ta ce na soyayya ne ta yi ƙarya. In ta ce na kishi ne, masu karatu za su zo neman dambe da habaici a tsakar gida, alhali matan littafin ko murya ba su taɓa ɗaga wa juna ba.

Bari in gutsura muku kaɗan, don mu san jaririn da muke raɗa wa suna. Ranar girkin uwargida ce. Ta ɗanɗana miya kafin ta ta da sallar magariba, gishiri daidai. Maigida na kai loma ta farko sai ya tsame hannu. Amarya ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ai na ga kin zuba sau biyu, na ɗauka da gangan ne." Washegari makullin ɗakin uwargida ya ɓata, aka birkice gida, can aka gan shi a jakarta. Bayan kwana uku, kuɗin cefane. Babu boka, babu guba, babu wuƙa. Kafin a kai rabin littafi, uwargida ta fara rubuta duk abin da ta yi a 'yar takarda tana turawa ƙarƙashin katifa, don ta daina amincewa da kanta. Kai ma mai karatu ka daina amincewa da ita, kuma ita ce ke ba ka labarin. Ga wata durowa a turakar maigida da ba a taɓa ganin ya buɗe a gaban kowa ba.

To, wannan shi ne abin.

In aka bi Turancin sawu da ƙafa, sai a ce "labari mai tayar da hankali da ya shafi halayyar ɗan Adam". Daidai ne a takardar jarrabawa, amma wa zai furta wannan a bakin teburin mai littattafai? Tun gasar rubutun labarai da wani Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933 muke da ƙagaggen labari a boko, kuma tun da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a shekarun 1980 mai saye da kalma ɗaya yake tambaya: na soyayya ne, na yaƙi ne, na aljanu ne. Ma'aunina ke nan. Duk kalmar da ba ta zauna tsakanin "na" da "ne" ba, na sallame ta.

"Na ban tsoro" yana da masu shi, fatalwa da mayu sun riga mu. "Tashin hankali" kuwa labaran rediyo sun cinye shi, da ka faɗa sai a tuna tarzoma.

Wata ta ba ni "makirci", wani ya ce "tuggu", wata ta ce "kissa". Dukansu sunan aikin mugu ne, kuma a nan suka kasa. Labarin kishiya da muka gada tun daga tatsuniyar bora da mowa, tun farko ake nuna maka wadda za ka tsana, kai dai jira kake ka ga yadda alhaki zai kama ta. Wannan sabon salon ƙin nuna maka yake yi. Mai yiwuwa amaryar gaskiya take faɗa. Mai yiwuwa maigidan ne ke haɗa su don kada su waiwayi durowar. Da ka rubuta "makirci" a bango, ka yanke hukunci kafin a zauna shari'a. "Kisan mummuƙe" ma haka, duk da na so shi ƙwarai, har yanzu ina jin zafin rabuwa da shi.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne "waswasi". Ma'anarsa ta dace kamar an auna: raɗa a cikin ƙirji, kokwanton ko na yi ko ban yi ba, daidai halin uwargida da gishirinta. Sai dai kalmar ta zo mana ne daga Larabci da rigar addini, muna karanta ta kullum a Suratun Nasi. Je ka ce kana neman littafin waswasi, ka ga ko ba a miƙo maka na malamai ba, mai bayanin wanda ke maimaita alwala sau biyar.

Saura biyu, ɗar-ɗar da zulumi, kuma ina ganin kowanne da mazauninsa. Ɗar-ɗar na jiki ne, gaba na faɗuwa, kana jiran a banko ƙofa. Ya dace da thriller gaba ɗayansa, har da na 'yan fashi da 'yan leƙen asiri. Zulumi kuwa ba ya bukatar a banko komai. Mutum na kwance, fitila a kashe, gida shiru, yana saƙa yana kwancewa a kan abin da bai faru ba tukuna. Yana kama wadda ke cikin labarin, yana kama mai karatu.

Saboda haka ga inda na tsaya: thriller, labarin ɗar-ɗar. Psychological thriller, labarin zulumi. "Wane iri ne?" "Na zulumi ne." Ya zauna a baki.

Wani malamin Hausa ya ja ni, ya ce a kunnensa zulumi ya fi karkata ga damuwa da tagumi, babu saurin da ake so. Na yarda da rabin maganarsa, kuma in malamanmu na Jami'ar Bayero ko ta Usmanu Ɗanfodiyo na da wadda ta fi, a shirye nake in sauka. Amma wannan labarin dama ba gudu yake yi ba, rarrafe yake.

Ƙanwar tawa dai ba ta jira mu ba. Ta rubuta "labarin zulumi" a ƙarƙashin sunan littafin ta saki shafi uku. Ƙarfe biyun dare saƙo ya shigo mata: "Anti, don girman Allah, wa ya zuba gishirin?"