Muhawara: Ɗalibi ne ke zaɓar abin hawansa zuwa makaranta, ko aljihun iyaye?

Malamin sakandare, Gwale: Jama'a, ina nan a kan bakana cewa ɗalibi a Kano ba shi da zaɓi a kan yadda zai je makaranta, aljihun mahaifinsa ne yake yanke hukunci. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma na ga abin da hakan ya haifar a rajistar ajina. Yaran da a da A Daidaita Sahu, wato babur ɗin haya mai ƙafa uku, ke sauke su a bakin ƙofa, yanzu a ƙasa suke zuwa, ƙafa duk ƙura, bayan an tashi daga taron safe.

Wata uwa, Ɗorayi: Malam, Allah Ya saka da alheri, amma ka yi magana ne kamar duk ɗalibanka maza ne. Ni 'ya mace nake turawa, kuma ko na ba ta kuɗin mota cikakke, ba ta shiga A Daidaita Sahun da ta ga maza zalla a ciki. Ta gwammace ta tsaya jiran ƙawayenta biyu su tafi tare, ko da za ta makara. Wannan hukuncinta ne, kuma ina goyon bayanta. Kada mu manta cewa a zamanin Malam Ibrahim Shekarau an kawo waɗannan babura masu ƙafa uku ne domin ɗaukar mata, sai da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a farkon 2013 sannan suka zama na kowa da kowa.

Direban A Daidaita Sahu, Kurna: Hajiya ta faɗi gaskiya. Iyaye da yawa jinga suke yi da ni ta wata, in kai yara in ɗauko su, kuma sai sun bincika a unguwa ko ni ɗan gidan wane ne kafin a zo maganar kuɗi.

Ɗalibin Jami'ar Bayero: Malam, ka gafarce ni, akwai abin da ba a ambata ba, wato lokaci da idon jama'a. Mai lacca ƙarfe takwas a sabon mazaunin jami'armu, idan ya tuna cunkoson Kabuga da layin shiga bas, yakan biya kuɗi mai yawa don kada a rufe masa ƙofa, sai ya haƙura da abincin rana. Ƙanina kuwa yana da keke lafiyayye, wanda ba ya shan ko ɗigon mai, amma ya jingine shi a soro tun da abokansa suka fara yi masa dariya.

Malamin sakandare: Na karɓi maganar keken, domin na ga irinta, kuma tana damuna ƙwarai. Sai dai Hajiya, ki dubi motocin bas na ɗalibai mata da aka samar a zamanin Kwankwaso, waɗanda gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta gyara ta mayar kan titi. Kyauta ne, kuma cika suke yi maƙil. Ashe da ma kuɗin ne ya hana yaran hawa mota.

Uwar: Malam, bas ɗin mata zalla yake ɗauka, don haka hujjata ce ka kawo. Matsalarmu ita ce ba ya shigowa lungunmu, sai yarinya ta taka har bakin titi da sassafe, kuma yayanta ne yake raka ta kafin ya wuce tasa makarantar.