Shekara dubu biyu ana reslin a fili ɗaya? Gardamar da ta tashi a zaurenmu

Nura: Salamu alaikum 'yan zaure. Ku dubi hoton nan da na turo. Tsohon fagen Rumawa ne na birnin Nim a kudancin Faransa, an kafa dandamalin WWE, kamfanin reslin na Amurka, mai igiyoyi a tsakiyarsa, fitilu ta ko'ina, mutane sun cika matakalan dutse. Wanda ya saka hoton ya rubuta cewa kusan shekara 2,000 ke nan ana kokawar kuɗi a wurin ba yankewa. To ina masu cewa reslin wasan yara ne da Amurkawa suka ƙirƙiro jiya-jiya? Malam Habu, da kai nake.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Hoton gaskiya ne, kamfanin ya yi wasa a can wajajen 2010. Tsufan ginin ma ba gardama, tun ƙarshen ƙarni na farko miladiyya aka gina shi. Tsawonsa mita 133, faɗinsa 101, hawa biyu, kowane hawa da ƙofofi 60 masu siffar baka, yana cin mutum kamar 24,000 a zamaninsa. Kalma biyu ce ƙarya a rubutun: "ba yankewa".

Nura: Malam ai kai kullum sai ka sami abin gyarawa. Gini dai yana nan, faɗa dai ana yi.

Malam Habu: To saurara. Da daular Rum ta raunana, sai aka toshe ƙofofin fagen aka mai da shi ganuwa. Daga baya talakawa suka shiga suka yi gidaje a cikinsa, a kan matakalan da kake gani, da lunguna da rijiyoyi da ƙananan majami'u biyu. Akwai lokacin da mutum kusan 700 ke kwana su tashi a ciki. Unguwa ce sosai, mata na shanya, yara na wasa. Sai wajen 1812 aka gama rushe gidajen aka kwashe ƙasa. Ka gaya mini, a tsakar gidan wa aka yi ta reslin ɗin nan shekara sama da dubu?

Hajiya Binta: Hahaha, Nura an kama ka. Wataƙila kishiyoyi ne suka riƙe al'adar.

Nura: Hajiya ke ma? To na yarda an yi hutu. Amma asalin abin fa? Mayaƙan fagen nan na Rumawa ba su ne kakannin su John Cena ba? Shiga da kiɗa, kaya masu ɗaukar ido, jama'a na ihu, kowa da gwaninsa.

Malam Habu: Waɗancan ba kokawa suke yi ba, da takobi da garkuwa da mashi mai baki uku da raga suke faɗa. Yawancinsu bayi ne da fursunonin yaƙi da waɗanda aka yanke wa hukunci, sai 'yan kaɗan masu 'yanci da suka sayar da kansu ga sana'ar. A Nim ɗin ma an tono duwatsun kaburburan wasunsu, da sunaye da yawan faɗan da kowa ya yi. Wanda ya mutu a yashin nan ba ya tashi ya je ɗakin canja kaya.

Injiniya Sabo: Malam, a nan zan ɗan ja da kai. Ba kowane faɗa ne ake mutuwa ba. Akwai alkalin wasa da sanda a hannu, wanda aka rinjaya yana ɗaga yatsa ya nemi sassauci, kuma sau da yawa ana ba shi. Dalilin kuɗi ne. Mai gidan horon ya ciyar da mutum, ya koya masa, ya yi masa magani, ba zai so jarinsa ya salwanta a rana ɗaya ba. Sannan haɗa su ake yi da dabara, mai raga mara sulke da mai kwalkwali mai nauyi, don kallo ya yi daɗi. Wannan tunanin mai shirya wasa ne, ba na janar ba. Don haka Nura bai ɓata gaba ɗaya ba.

Malam Habu: Kama daban, dangantaka daban, Injiniya. Kura da damisa duk suna da zane.

Injiniya Sabo: To ga wata. An sami wata takarda a Masar ta shekarar 267 miladiyya, yarjejeniya ce tsakanin mahaifin wani yaro ɗan kokawa da masu kula da abokin karawarsa. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa ɗayan zai faɗi sau uku ya sallama, a biya shi dirakma 3,800, kuɗin wancan zamani. Har da tarar da za a ci idan ya saɓa. Ka ga sayen faɗuwa ya girmi Amurka nesa ba kusa ba.

Nura: Allahu akbar! Injiniya Allah ya ƙara ilimi. Malam sai ka amsa.

Malam Habu: Takardar gaskiya ce, amma ku lura da abin da take nunawa. Maguɗi ne aka yi a ɓoye a gasar da ake ɗauka ta gaske ce, kamar a sayi mai tsaron gida a ƙwallo. Reslin kuwa ba maguɗi ba ne, tsarinsa ke nan. Tun kafin a fito an san wanda zai ci, akwai masu rubuta labarin. A 1989 kamfanin WWE da kansa ya shaida wa majalisar dattawan jihar New Jersey cewa nishaɗi yake sayarwa ba gasa ba, don ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. Mai abu ya faɗa da bakinsa, kai kana Kano kana rantsuwa.

Nura: Ni ban ce ba a tsarawa ba. Amma a jefo mutum daga saman tsani ya faɗo kan tebur, wannan ma rubutawa aka yi ƙashin bayansa ya ji? Ɗan reslin Owen Hart a 1999 a gaban jama'a ya faɗo daga saman rufi ya mutu.

Hajiya Binta: Wannan kam haka ne. Ni abin da ya hana ni barin yarana su kalla ke nan. Na taɓa shigowa na tarar babban ya hau kan durowa zai diro wa ƙanensa a ciki, katifa ɗaya ce tsakaninsu da siminti.

Issufu: Ku gafarce ni, yanzu na shigo daga Maraɗi, sai na tarar da saƙo tari. Mu nan filin kokowa da Faransanci "arène" muke ce masa, sunan da ake kiran wancan gini na Nim da shi. Malaminmu ya ce asalin kalmar yashi take nufi da Latin, yashin da ake zubawa ya sha jini. To mu yashi gare mu har yau, kuma tun 1975 ake gasar kokowa ta ƙasa wadda ake ba zakaranta takobi. Wanda aka kayar ƙasa ya faɗi, ba wanda ya rubuta masa. In ana neman magadan tsohuwar kokowa, a zo a ga gwarzonmu Issaka Issaka, a bar masu wandon roba.

Nura: Issufu kowa ya yabi rabonsa. Ku ma ba a taɓa raɗe-raɗin an saye wani ba?

Issufu: Raɗe-raɗi ba ya ƙarewa, amma in an kama mutum abin kunya ne. A naku albashi ake biya a kai.

Malam Habu: Bari in ba Nura abin da zai riƙe, don kada ya tashi hannu rabbana. Akwai tarihin gaske, kuma ya fi na hoton daɗi. Bayan an share fagen a ƙarni na 19, kokawar kuɗi ta bunƙasa a kudancin Faransa, a bukukuwa da kasuwanni da irin waɗannan tsofaffin fagage. Ƙarti ne ke yawo gari-gari da kirari da laƙabi masu ban tsoro, suna ƙalubalantar duk mai ji da kansa, ana biyan kuɗin shiga. Wani mai tawaga, Jean Exbroyat, shi ya kafa dokar hana kamu a ƙasan ƙugu wajen 1848. Daga baya aka laƙaba wa salon suna "kokawar Girka da Rum" don ya yi kwarjini, alhali a rumfunan kasuwar Faransa aka haife shi. Paul Pons, wanda ya ci kambun duniya a Paris a 1898, ɗan yankin ne, garinsu na kusa da Abinyon. Ka ga dabarar jingina sabon abu da Rumawa don a sayar da tikiti ba mai hotonka ne ya fara ta ba.

Injiniya Sabo: Wato shekara kamar ɗari biyu, ba dubu biyu ba.

Malam Habu: Shi ma da hawa da sauka. Abin da ya fi kama fagen tun 1853 wasan bijimai ne, yanzu kuma har da mawaƙa. Reslin baƙo ne mai leƙowa jefi-jefi.

Nura: Sifili ɗaya ne kawai bambancin, Malam.

Hajiya Binta: In sifili ba komai ba ne, bashin dubu ashirin da nake bin ka ka turo mini dubu ɗari biyu.

Nura: Hajiya sabis ɗina ya fara rawa. Amma hoton ba zan goge ba, rubutun ƙasan kawai zan gyara. Malam, me zan sa?

Malam Habu: Cire "ba yankewa" tukuna, sauran mu tattauna bayan la'asar.