Taƙaitaccen abin da aka tattauna kan tafiya Peru

Na tattara shawarwarin da jama'a suka bayar kan ziyartar Peru, ƙasa a Kudancin Amurka, ga su:

1. Kusan kowa ya yarda a tafi lokacin rani, daga Mayu zuwa Satumba. Hanyar ƙafa ta Inca zuwa Machu Picchu, kufan tsohon birnin mutanen Inca da ke kan duwatsu, ana rufe ta duk watan Fabrairu.

2. Tudun Cusco ne aka fi jaddadawa, kuma ni ma ina ganin shi ne babban lamari. Birnin yana kan tsayin kusan mita 3,400, iska ba ta wadatar da baƙo, sai ciwon kai da haki. Da yawa sun ce a sauka kai tsaye zuwa garin Ollantaytambo, wanda ya fi ƙasa, a kwana biyu, a yi ta shan ruwa, kada a yi gaggawar hawa dutse.

3. Ra'ayi ya rabu kan yadda za a isa Machu Picchu. Wasu sun zaɓi tafiyar ƙafa ta kwana 4, amma mutum 500 kaɗai ake bari a rana, har da 'yan dako da jagorori, don haka a nemi izini da watanni. Masu tafiya da iyali sun fi son jirgin ƙasa zuwa Aguas Calientes, garin da ke gindin Machu Picchu.

4. Tafkin Titicaca ko dajin Amazon? Ba a daidaita ba. Mai zuwa Amazon ya yi allurar rigakafin cutar shawara.

5. Naman halal yana da wuyar samu. Kifi, dankali da masara sun wadatar.

6. Ganyen koka, wanda ake yin hodar iblis da shi, kada a ɗauko shi zuwa gida, doka ta hana.