Don Allah a Taimaka Mini da Jimlolin Turanci

Assalamu alaikum malamai. Ina shirin rubuta WAEC, amma insha'in Turanci ya tsaya mini a wuya. Kullum malaminmu sai ya ja jan biro a ƙarƙashin irin wannan: "I went to the market, it was closed." Wai cikakkun jimloli biyu ne na liƙa da waƙafi kawai. Da na koma gajarta su, na rubuta "Because it was raining." ita kaɗai, sai ya ce guntuwa ce, alhali ga aikatau a cikinta! Me ta rasa? Sannan "however" tana haɗa jimloli biyu kamar "but", ko dole sai waƙafi mai ruwa ya gabace ta? A taimaka da misalai, Allah ya saka da alheri.