Dokina bai cika shekara 3 ba, mai horo ya fara masa zamiya: ku ba ni shawara

Mai tambaya, daga Zariya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena ma'abota dawaki. Ina da ɗan doki bikili, watansa 30 da haihuwa. A gidanmu aka haife shi, ɗan goɗiyar mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, shi ya sa nake ji da shi. Wata 2 ke nan da aka ɗora masa sirdi.

Burina ya iya wasan nan na Amurkawa da suke kira reinin, wanda doki zai taho a sukwane ya zame da ƙafafun baya, ya yi ta juyi a wuri ɗaya kamar katantanwa, ya ja da baya, duk linzami a sake. Na nuna wa mai horar da shi bidiyon, ya ce ai zamiyarmu ce ta jahi, ba wani abu ba. Yanzu kullum yana hawansa safe da yamma, kusan awa guda kowane hawa, har ya fara zame shi a filin ƙwallon unguwarmu.

Kwana 3 ke nan da ya ga sirdi sai ya kwantar da kunnuwa ya juya baya. Ƙafarsa ta baya ta hagu ta ɗan tasa a saman kofato, da safe in na dafa sai na ji ɗumi. Mai horo ya ce taurin kai ne, a sa masa linzami mai nauyi. Ni kuma ina son in hau shi da Babbar Sallah, saura wata 4. Me zan yi?

Wani dattijo, daga Katsina:
Wa alaikumus salam. Ɗana, sauke sirdin nan yau, ba gobe ba. Buɗe bakinsa ka duba, za ka tarar yanzu yake famfarar haƙoran gaba. Dokin da bai gama zubar da haƙoran nono ba shi za a cusa wa babban linzami? Baki zai fashe, in ya warke ya yi kanta, shi ke nan har ya tsufa ba zai ji linzami ba sai an fizga. Doki ba ya ƙin sirdi haka kawai. Shafa gadon bayansa da hannu, in ya lanƙwashe to akwai ciwo.

Likitan dabbobi:
Baba ya yi gaskiya. Malam, kumburi da ɗumi a ƙafa ɗaya ba halin doki ba ne, rauni ne, ko a jijiya ko a gaɓa. Ka daina hawansa, ka riƙa kwarara wa wurin ruwan sanyi na minti 15 zuwa 20, safe da yamma, sannan ka nemo likita ya duba shi. Kana Zariya, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Don Allah kada wani ya yi masa allurar kashe zafi a ci gaba da hawa. Zafin ne ke hana shi ƙarasa ɓata ƙafar. Jijiyar ƙafar doki in ta yage sosai takan ci wata 6 zuwa shekara kafin ta warke, kuma sau da yawa ba ta komawa kamar da.

Ga dalilin da ya sa shekarunsa suka dame ni. Ƙashin dukushi yana da guringuntsi a ƙarshensa, ta nan yake tsawo, kuma wuraren nan suna rufewa ne daga ƙasa zuwa sama. Na kusa da kofato tun kafin ya shekara sun rufe. Na gwiwar gaba sai wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi. Na ƙashin baya, inda kai da sirdi kuke zaune, su ne na ƙarshe, sai wajen shekara 5 zuwa 6. Famfarar haƙoran gaba ma bi da bi take: na tsakiya a shekara 2 da rabi, na gefensu a 3 da rabi, na kusurwa a 4 da rabi.

To zamiya kuwa, doki yakan tura ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, ya ɗora nauyinsa da na mahayi a kan ƙugu da gwiwoyin baya. Juyi a wuri ɗaya kuma murɗa gaɓoɓi yake yi. Ba wai kada ƙaramin doki ya motsa ba, motsi daidai gwargwado yana ƙarfafa ƙashi. Amma awa 2 a rana a kan ƙeƙasasshiyar ƙasa ya wuce ƙima ko ga babban ingarma.

Wani matashi, daga Kano:
Likita, ka yi haƙuri, amma su Turawan da suka ƙirƙiro wasan ai da dawaki masu shekara 3 suke gasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ya bari ya girma ba zai koyu ba.

Wani mai bin wasan a intanet:
Ɗan'uwa, rabin maganar ka faɗa. Gaskiya ne ƙungiyar masu wasan reinin ta Amurka, NRHA, wadda aka kafa a 1966, tana yin babbar gasarta ta 'yan shekara 3 a birnin Oklahoma a ƙarshen kowace shekara. Amma dubi abin da bidiyo ba ya nunawa. Yawancin dawakin jinsin Kwata ne, wani irin dokin Amurka, masu kaurin cinya, an daɗe ana zaɓen iri saboda wannan aiki. Filin shirya shi ake yi, ƙasa mai ƙarfi sumul a ƙarƙashi, yashi a sama, ana bi ana gyarawa. Ƙafafun baya kuma ana buga musu wani takalmin ƙarfe mai faɗi da santsi, shi ne ke sa dokin ya sulale maimakon ya cake. Namu ba takalmi, a filin ƙwallo kofato cakewa yake yi, duk girgizar ta tafi gaɓa. Kuma su kansu suna ta jayayya kan fara wa dawaki aiki da wuri, akwai ma gasanni na masu shekara 4 zuwa sama. Asalin abin aikin kiwon shanu ne, ana son dokin da zai bi umarni da ɗan motsin hannu. Mai hukunci yakan rage maki in doki yana wage baki yana faɗa da linzami.

Mai kula da dawakin folo (wasan ƙwallon dawaki), daga Kaduna:
Yallaɓai, in likita ya sallame shi, ga yadda zan yi da nawa ne. Sati 2 na farko a ja shi da ragama kawai, tafiya. Daga nan hawa sau 3 ko 4 a mako, minti 15 zuwa 20, da sanyin safiya, mahayi marar nauyi, ƙaramin linzami. Mafi yawa tafiya, ɗan sassarfa kaɗan, a miƙe ko a zagaye mai faɗi. Ƙaramin zagaye yana cin ƙafa.

Abin da ɗan Kano yake tsoro ba zai faru ba, domin duk wasan nan ana koyar da shi a tafiyar ƙafa. Ka zauna daram a sirdi, ka faɗi kalma ɗaya da ka zaɓa, in ya tsaya ka saki linzami nan take. Sakin nan shi ne ladansa, da shi yake gane ya yi daidai. Ja da baya taku 2, ka shafa wuyansa. Juyi kuma taku ɗaya yau, ƙafar gaba ta haye 'yar'uwarta, gobe 2. Ranar da ya yi abu da kyau sau 2, sauka, kada daɗi ya ɗebe ka ka ce a ƙara. Wasu ranaku ku fita kilisa bayan gari ba darasi, ya ga shanu da babura. Sukuwa da zamiya ni ba na taɓa su sai doki ya haura 4, kuma a kan yashi.

Ka rage masa gero da dawa yanzu da yake hutu, ka ƙara ciyawa da harawa. Doki a turke da cikin hatsi, ranar da aka kwance shi sai tutsu.

Dattijon Katsina:
Batun Sallah kuwa, ɗana, ka nemi aron babban doki. Shi wannan a bar shi a gida, ko a ja shi da hannu ya ji ganga da bindiga daga nesa, ba kayan ado masu nauyi.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode likita, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na shafa bayansa kamar yadda Baba ya ce, ya lanƙwashe daidai inda bayan sirdi yake zama, ashe har gashi ya fara zubewa a wurin ban lura ba. Na rataye sirdin, na gaya wa mai horo a dakata. Jibi likita zai zo. Malam na Kaduna, in ya warke zan dawo da tambaya kan irin ƙaramin linzamin da kuke fara wa naku da shi.